Gurbin Laƙabi a Rumbun Kawu

A bakin Kaka yarinyar ta fara jin sunan, tana 'yar shekara bakwai: "Ga Karanta-Tukuna nan ya iso!" Ashe Kawu ake nufi, ƙanin mahaifiyarta, wanda ko kwalin ashana aka miƙa masa sai ya juya ya karanta bayansa.

Aikinsa rubuta manhaja a wani kamfanin jigilar kaya. A gida kuwa ya gina wa dangi rumbun bayanai, mutum ɗari uku da 'yan kai, kowa da sunansa da iyayensa. A watannin Kaka na ƙarshe ya riƙa zama gefen gadonta yana shigar da laƙabin da ta raɗa wa kowa, har da waɗanda suka rasu tun ba a haife shi ba.

Da ta gama sakandare idonsa ya fara rauni, sai ta zama mai karanta masa allon kwamfuta. Ya nuna mata manhajar da ke shiga tsakani: ka sauya fasalin bayanai a rubutunka, ita ta rubuta umarnin da zai gyara teburan rumbun, wato jadawalan da bayanan ke ciki.

"Tana da hanzari, manhajar nan," in ji shi, "amma ba ta san Kaka ba."

"Kawu, kai ko injin wanki ba ka yarda da shi ba."

"Shi ma ya taɓa cinye mini safa."

Makon da aka yi masa aikin ido, ta so ta burge shi. Gurbin da ake ajiye laƙabi a rumbun, an rubuta sunan gurbin a gajarce, ta mayar da shi cikakke. Manhajar ta fitar da umarni layi uku, ta danna ba ta duba ba. Manhajar ba ta gane canjin suna ba ne, sai ta goge tsohon gurbin ta buɗe sabo, wayam. Kwafin ajiyar da ta lalubo tun kafin ciwon Kaka aka yi shi, babu laƙabi ko ɗaya a ciki.

Da ta faɗa masa, bandeji a fuskarsa, bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Laƙabina ki fara mayarwa, shi dai kin san shi." Da ma zaginta ya yi.

Yanzu tana bin gidajen dangi da littafi, tana tambayar laƙabin kowa. Saura arba'in da ɗaya, ba mai tuna su. Duk sanda ta buɗe allon sai ta ji abin da ya roƙe ta ranar farko: "Ko layi ɗaya ta rubuta, don Allah ki karanta mini da ƙarfi kafin ki danna."