Shekarar da Na Ci Rabon Kogi

A garinmu, nan ƙasar Surko, duk gidan da ke da gona a bakin kogi yana da abin da ake kira rabon kogi. Kunyoyin da ke gangare, inda ruwa kan hau in marka ta yi ƙarfi, ana shuka su kamar sauran, amma ba a sa su cikin abincin shekara. In kogi ya bari, kyauta ce daga Allah. In ya kwashe, nasa ya ɗauka. Na san wannan tun ban iya riƙe fartanya ba, saboda haka ba ni da uzurin rashin sani.

Bayan rasuwar mahaifina gida ya dawo hannuna. A daminar farko geron gangare ya yi kyau, har masu wucewa na tsayawa kallo. A rumbun tudu kuwa akwai tsohuwar dawa, wadda Inna, mahaifiyata, ta hana a taɓa sai dai a ɗebi na tuwo, har sabon hatsi ya shigo. Sai ga wani makiyayi daga Sundimina da farin bajimi mai tozo, yana neman hatsi. Ba ni da abin yi da bajimi. So nake kawai a gan shi ɗaure a ƙofar gidana.

Ina cikin rumbu ina miƙo dammuna Inna ta iso.

"Kai, wa ya aike ka?"

"Inna, ba ki ga geron gangare ba? Kwana kaɗan ya rage a yanka."

"Na gani," in ji ta. "Kogi ma ya gani. Sauko, mai babban kai."

Ban sauko ba sai da na ga ƙasan rumbu. Makiyayin ya kwashe dawar, na ɗaure bajimin a turke.

Ranar da ruwan ya zo ko ɗigo bai sauka a garinmu ba. Can kudu wajen duwatsu aka yi shi. Da rana tsaka kogi ya cika, ja wur, ya haye gangare ya kwanta a kan geron. Da ya janye, sai laka da matattun kwaɗi, da wani wari mai tsami da ke bin mutum har cikin masallaci.

Maƙwabta suka zo jaje, idonsu a kan turke. Wani dattijo ya ce, "Sannu da asara, Malam. Amma ai ga bajimi, sai ka riƙa lasar tozon har kaka." Aka yi dariya. Na ji ƙyamarsu, don na san akwai waɗanda suka yi irin lissafina a ransu, mai bajimi ne kawai bai biyo ta ƙofarsu ba. Amma ƙyamar da na ji wa kaina ta fi.

Na nemi mai karɓar bajimin ya ba ni dawa. A marka wa zai buɗe rumbunsa? Abin da na samu bai kai mu ko'ina ba. Sai na koma gangare ina zaro zangarniya daga laka, baƙa, wata ta tsiro, wata da tsutsa. Muka shanya, aka daka, aka tuƙa. Tuwon ya fito da kalar toka, kuka da daddawa suka kasa rufe warinsa. Inna ta yi bismilla ta ci. Daga baya na ji ta a bayan danga tana amai, ni kuma ina zaune da akushi a gabana, na kasa tashi.

Labari ya kai wa ƙanen Inna a Zandam, ya zo da jaki zai tafi da ita. Na durƙusa na ce ta yi haƙuri, geron tudu ya kusa nuna.

"Na yafe maka," ta ce, tana ɗaure ƙullin kayanta. "Cikina ne bai yafe ba."

Da kaka na kai mata damin farko har Zandam. Ta sa albarka, ta sa aka zuba a rumbun ƙanenta. A can ta zauna har Allah ya karɓi ranta.