Yadda Muka Kai Bishiyar Madam Lusail

Fereej Abdel Aziz

Ana idar da sallar asuba na tayar da a-kori-kurar kafil ɗina, wato ubangidana a nan Doha. Matarsa, Madam, ta ga wata bishiya a Turai, wai ita birci, ta sa an auno mata ta jirgi. Ni sabon direba ne, kuma kafil ya faɗa mini ba wasa: in bishiyar ta lalace a hannuna, khalas, in haɗa kayana. Na ɗauki Baba Iddi, mai gadin gidan, mutumin Zangon Kumasi, wanda bai taɓa cewa bai san abu ba.

Filin jirgi

Masu duba tsirrai suka riƙe mu har hantsi. Da aka fito da bishiyar cikin ƙatuwar tukunya, na matsa na duba ta. Jikinta fari fat, ɓawon yana saɓulewa, rassan duk sun sunkuya ƙasa.

Baba Iddi ya zagaya ta, ya ce, "Ɗanjuma, itacen nan ya galabaita. Ƙishi ne."

Hanyar Lusail

Muka tsaya a wani gidan mai. Ruwan gorar da muka sayo don kanmu duk ita ta shanye, rassan ko motsi. Baba Iddi ya ce a taimaka mata ta miƙe. Ya samo sandunan tsintsiya uku, na kwance igiyar kaya, muka ɗaure kowane reshe yana kallon sama. Har da tofa mata addu'a. Muka sha shayin karak da gurasar farata, muna yaba aikinmu.

Lusail

Madam tana jira a ɗakin gilashi mai na'urar sanyi da aka gina wa baƙuwar. Ta dube ta, ta dube mu, ta buɗe wayarta ta nuna mana hoto: ga bishiyar a wani lambu, rassa zube har ƙasa kamar gashin da aka tsefe. Ashe sunkuyawar aka saya.

Na ce a raina, shi ke nan, sai Zariya. Baba Iddi ya ce, "Madam, dama na gaya ma yaron nan."

Ta yi dariya har da hawaye. Muna kwance igiya ta ce tunda na damu da ita haka, ni zan riƙa kula da ita.

Masauki

Na dawo ɗaki bayan la'asar, aikina na nan, na gode wa Allah. Mutanen gida, wanda zai zo ya taho mini da rigar sanyi. A Doha nake, amma kullum da mura nake tashi daga aiki.