Hayaƙin Tiyo a Gonar Waken Suya

Ni mutum ne mai saurin fushi, iyalina ma sun shaida. Daminar da ganyen waken suyata ya fito da ɗige-ɗige masu launin tsatsa, ban tsaya tambayar kowa ba, na ce maƙwabcina ne. Bayarabe ne mai shagon injin ban ruwa a Funtua, gonarsa na manne da tawa a bakin titin Malumfashi, shekara ashirin muna cin abincin rana a inuwa ɗaya. Na gan shi yana feshin maganin ciyawa, shi ke nan na yanke hukunci. Na kai shi gaban mai unguwa, sai da na sa dattijon nan ya yi rantsuwa a bainar jama'a. Daga ranar ko sallama ba ma yi.

Bayan mako biyu 'yarsa ta same ni a gona. Haifaffiyar Funtua ce, a gabana ta girma, yanzu malamar gona ce. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta tsinko ganye ta juya shi.

"Baba, duba nan. Saman ne ya ƙone, ƙasan lafiya lau. Wanda wani ganye ya yi wa inuwa ma bai taɓu ba. Wannan ba aikin feshi ba ne, iska ce."

Na ce, "Iska kuma? Ke ma kin zo kare ubanki ne?"

Sai ta nuna tarin baƙar toka a gefen kunya. "Me kake ƙonawa can?"

Tsofaffin tiyo ne da bututun roba, ragowar noman rani. Kusan kullum da tsakar rana nake cinna musu wuta, don an ce warin roba na korar macizai. Har alfahari nake yi da dabarar.

Ta ce irin wannan roba tana da kulorin, ɗan'uwan wanda ake zubawa a rijiya. In an ƙona ta sai ya bi iska. Hayaƙin manyan motocin da ke wucewa, in rana ta dake shi, dama yana haifar da wata guba da ake kira ozon, mai ƙona ganye da shaƙe ƙirji, kulorin kuwa ingiza abin yake yi. Wato titi na dafa guba, ni ina iza wuta.

Wallahi ashe ni ne. Ni da hannuna! Na zauna a kan kunya.

Da na tashi sai na tsallaka gonar maƙwabcin nawa, wadda rabona da ita tun ranar ƙara. Can iska ke kai hayaƙina. Wakensa ya fi nawa lalacewa nesa ba kusa ba, ganyen duk ya yi ja. Yana tsugune yana cire ciyawa.

Na ce, "Alhaji, tun yaushe naka ya zama haka?"

Ya miƙe yana kaɗe hannu. "Tun kafin ka kai ni ƙara, Malam. Kullum ina ganin hayaƙinka yana shigowa. Na ce ba zan ɓata da maƙwabci saboda ganye ba."