Taku Uku a Yammacin Rumfa

Ranar wata Alhamis cikin ranin 1988, washegarin kasuwar Ƙonni, Baba ya tara mu a filin bayan gidanmu na Bazaga, da turaku a hannu. Ina ƴar shekara tara a lokacin. Ya tuɓe takalmansa na taya, ya shiga taka ƙasa yana ƙirgawa a fili har taku goma sha biyu, yayana Sani yana biye da shi yana kafa turke duk inda ya nuna da yatsan ƙafa, ni kuma ina gefe ina zuba surutu. Rumfa zai yi, babba, irin wadda ba a taɓa gani a unguwarmu ba. Gaba, wajen hanya, nan zai riƙa gyaran amalanken jaki, sana'arsa ke nan. Tsakiya a jibge harawa da buhunan wake. Ƙuryar yamma kuma a kewaye ta da zana, a sa gadon kara, maza su kwana in zafi ya kore su daga ɗaki. Inna tana tsaye a bakin darni da ƙwarya a hannu, ta bi turakun nan da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke cin ta duk gidan mun sani. Mahaifiyarta, Kakarmu, tana Tajaye ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Kawunnaina biyu sun tafi Abijan, sai wasiƙa jefi-jefi. Daminar bara ta cinye bango ɗaya na ɗakinta, ga idonta yana ta raguwa. In wata damina ta same ta a can, Allah kaɗai ya san yadda za ta kwashe. Amma a wurinmu mace ba ta buɗe baki ta ce wa mijinta a kawo uwarta gidansa, tsohuwa kuma ta gwammace ruwa ya dake ta da a ce ta tare gidan suruki.

Turakun sun daɗe a ƙasa, domin dirkoki ba sa samuwa rana ɗaya. Masu gandun daji sun hana saran itace, wanda suka kama da gatari ya shiga uku. Don haka duk Laraba Baba kan sayo biyu a kasuwa, ya babbake gindinsu, ya shafe da baƙin mai saboda gara, ya jingine a jikin rumbu. Mu kuwa filin ya zama namu. In mun taso daga lakwal, wato makarantar boko, mun kai wa awaki dusa, mun cika randuna, sai maza su kama langa, mu mata mu baje duwatsun carafke. Mukan shiga ɗakunan da babu su, mu yi sallama a ƙofar da ba a kafa ba.

Wata safiya na riga kowa tashi, sai na hangi Inna tana shara a filin. Ta waiga dama da hagu, ta duƙa ta tuge turken yamma, ta gusa shi tafin ƙafa ɗaya, ta danna shi da dutse, ta share tsohon ramin da tsintsiya. Ta yi wa ɗan'uwansa haka. Washegari na laɓe bayan rumbu, ta sake. A gida Rediyo ake kirana, don magana ba ta kwana a cikina, amma wannan sai da na yi kwana takwas ina riƙe da ita kamar mai tuwo da zafi a baki.

Ranar da Baba ya zo haƙa ramuka ya sake taka filin, sai ya sami goma sha huɗu. Ya koma ya sake, haka dai. Ransa ya ɓaci, ya ce Sani ne da ƴan langarsa, ya karyo tsumagiya. Nan bakina ya ƙwace. "Ba shi na ba, Baba, Inna ta! Kullum da sahe ita ka gusa su." Hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon turakun nan biyu, sannan ya yar da tsumagiyar ya ce, "Wa yat tambai ki?" Tsoro ya kama ni ƙwarai, na ɗauka na jawo wa Inna abin da ba zai gyaru ba. Kwanaki suka wuce, ban ji kowa ya ɗaga murya ba.

Laraba ta zagayo, Baba ya dawo da dirkoki huɗu maimakon biyu. Washegari da hantsi, Inna tana daka inda take hangen filin, ya je ya tuge turakun yamma, ya ƙara taku ɗaya a kan biyun da ta yi, ya kafa su da guduma. Ya ja layi a ƙasa, ya ware ɗan ɗaki, ya fitar da ƙofa tana kallon waje, ba cikin gida ba. Taɓaryar Inna ta tsaya a sama ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da sauri. Ba wanda ya kalli wani.

Da aka yi gayya aka tayar da rumfa, aka rufe ta da kara da zana, Baba ya ce in shirya, yau bakina zai yi rana. Muka hau motar kasuwa zuwa Tajaye. Ya cire takalmi ya tsuguna a wajen darnin gidan Kaka, ni na zama mai kai magana da kawowa. "Ce mata awaki sun gama min harawa, ba ni da mai tsaro. Ta taimake ni ta zamna bakinta, ko damana guda." Kaka ta ce, "Ni da ba ni ganin akuya sai ta taka ni?" Na kai masa. "Ce mata ba ido su ka tsoro ba, sanda su ka tsoro." Na kai mata. Can ta ce in naɗe mata tabarma, in ɗauko buta.

Kwana uku da zuwanta aka yi ruwan fari. Damina bakwai ta yi a wannan ƙurya, tana zaune da sandarta, akuya ko sansanar harawa ba ta isa ta yi ba. Ita da Baba ba su taɓa haɗa ido ba, ta bayan zana suke gaisawa kowace safiya kafin ya ɗauki guduma. A ciwonta na ƙarshe, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce, "Ke ɗiyag ga, kina tsammanin ban san awakinku ɗaure su ka wuni ba? Wanda yar ruhe ma asiri, kai ma ruhe mai nashi."

Yau kanti ne na bulo a wurin, da rufin kwano. Magini ne ya zana shi a takarda, ya auna da mita, ba ragi ba ƙari. Mutane ma yanzu sukan faɗi buƙatarsu kai tsaye a waya, kuma ban ce hakan laifi ba ne. Amma in na je gida na tsaya a wurin, kewarsu su uku takan cika mini zuciya. Ban ƙara ganin ɗakin da aka roƙa, aka kuma bayar, ba tare da kowa ya buɗe baki ba.