Mai Madarar Gwangwani

Shekarar da na haifi ɗiyata ta fari, a Ƙanƙara muke haya, ɗaki ɗaya a bayan gidan wani dattijo mai sayar da hatsi. Lokacin kuɗin man fetur ne, ko'ina ana aikin hanya, kuma mijina ya samu aiki a wani kamfani, yana tuƙa motar da ke zuba tsakuwa. Ba mu daɗe da tarewa ba aikin ya koma wajen Sabuwa. Ya bi su, sai ƙarshen wata nake ganinsa.

Mu mutanen ƙauye ne daga wajen Pauwa. Iyayena Maguzawa ne, ni da mijina kuwa mun shiga addinin Kirista. Matan gidan da muke haya ba su taɓa yi mini wani abu mara kyau ba. Da safe mu gaisa, in an yi tuwo su aiko mini. Amma ba mai shigowa ɗakina ta zauna, ni ma ban san yadda zan shiga nasu ba. Uwata ta zo wankan jego, damina na faɗuwa ta koma gona. Sai ya zama ni da jinjira ne kawai, ina wuni ina yi mata hira tana kallon rufin ɗaki.

Ran kasuwa akwai wata farar mota mai lasifika da take zagaya gari tana tallar madarar jarirai. Tun hantsi take farawa, murya na faɗa wa iyaye mata cewa zamani ya canza, yaron da ya sha madarar gwangwani shi ke yin ƙiba da kaifin ƙwaƙwalwa. Ko ka toshe kunne sai ka ji. Sau da yawa ita ke tayar mini da yarinya daga barci.

Wata rana aka yi sallama a ƙofar ɗakina. Wata mata ce doguwa cikin fararen kaya irin na ma'aikatan asibiti, da jaka a hannu. Ban san wanda ya nuna mata ɗakin ba.

"Maijego, ba a ba baƙo tabarma?" in ji ta, tana dariya.

Na shimfiɗa mata. Ta karɓi yarinyar, ta juya ta, ta ce kyakkyawa ce amma ta rame, da alama nonona bai isarta. Na ce mata tana ƙoshi. Ba ta yi gardama ba. Ta tambaye ni garinmu, ta tambayi mijina, ta ce kitsona ya tsufa. Da za ta tafi ta ajiye ƙaramin gwangwanin madara da bulumbotin shayar da jariri, ta ce kyauta ne.

Ban buɗe gwangwanin ba. Amma da kasuwa ta zagayo, sai na tsinci kaina ina share ɗaki tun da sassafe, na dama kunu fiye da cikina. Ta zo kuwa. Ta tsefe mini kai, ta ba ni labarin Funtuwa inda take zaune, na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Na fara kiranta Yaya. Duk zuwan da za ta yi sai ta duba gwangwanin, ta ce, "Ƙanwata, har yanzu ba ki yarda da ni ba ke nan." Kunyarta ce ta sa na fara damawa. Da na kyautar ya ƙare, na sayi babba.

Da ruwan rijiya nake damawa, don ba wanda ya ce mini a tafasa, rubutun jikin gwangwanin kuma ba Hausa ba ne. Yarinya ta fara ƙin nono, nonon ya ja baya. Sannan zawo ya kama ta, idanunta suka faɗa. Na goya ta zuwa ɗakin shan magani. Malamin da ke wurin ya ba ta magani, ya yi mini faɗa, ya ce in mayar da ita kan nono ko da kuka za ta wuni yi. Na ce masa ai ma'aikaciyarsu ce ta kawo mini madarar.

"Ba tamu ba ce," in ji shi. "Farin yadi kowa na iya saye a kasuwa."

Yarinyar ta warke, amma a hankali. Ina cikin jinyarta na ji motar ta tsaya kusa da unguwarmu, lasifika na cewa duk mai shakka ta je gidan mai hatsi ta ga ɗiyar matar direba, yadda madara ta mayar da ita ɓulɓul. Ɗiyar tana cinyata a lokacin, wuyanta ko tsayawa ba ya yi.

Na je wurin mai gidan na ce, "Alhaji, ana talla da ɗiyata." Ya ce bai ji daɗi ba, amma mota a kan hanya take, hanya kuwa ba tasa ba ce. Ya tura ni wurin duba-gari. Shi kuma ya saurare ni har ƙarshe, ya ce aikinsa mahauta ne da masai da kwata, ba a ba shi ikon hana mai talla magana ba. Na ce to wa aka ba? Ya ce ƙila sai Kaduna. Ni ko Funtuwa ban taɓa zuwa ba.

Da mai madarar ta dawo, ban shimfiɗa tabarma ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya, kada ki sake kawo mini madara, kuma ku daina ambaton gidan nan."

Ta leƙa ta ga yarinyar. Fuskarta ta canza, ta ce ita ma aiko ta ake yi, abin da aka koya mata take faɗa. Na ce ta riƙa zuwa haka nan, mu yi hira, ba sai da gwangwani ba. Ta ce to, in ta samu sarari.

Ba ta sake zuwa ba. Motar ta ci gaba da zagayawa har kaka, sai dai sun daina ambatonmu. Na taɓa hango ta daga nesa tana shiga wani gida da aka yi haihuwa, da jakarta.

Da mijina ya zo na ba shi labarin ciwon da na lasifikar. Ransa ya ɓaci, ya ce da yana nan da ya fasa gilashin motar. Ban gaya masa cewa ina kewar matar ba, don ban san yadda zan faɗa ya gane ba. Ya kwana biyu ya koma Sabuwa. Bayan girbi na roƙe shi ya mayar da ni Pauwa wurin uwata, can na yaye yarinyar.