Shekara Bakwai Bayan Modu, Ina Nan Tsaye Gaban Kiyari

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar Modu, ƙanen matata, Allah ya jiƙansa. Bari in faɗa tun da wuri kada wani ya riga ni: a wannan labarin ni ne wawan. Na yi lakkwal, wato boko, har aji huɗu kafin ni da mushe malaminmu mu rabu bisa yardar juna, don haka in kun ga rubutun ya karkace, shi za ku nema.

Modu mai zanen gini ne a wani biro, wato ofis, nan Diffa. A ba shi takardar ginin da ko tubali ɗaya ba a aza ba, sai ya fito da hoton cikinsa a odinatar, wato kwamfuta, har da hasken rana yana shigowa ta taga. Daga ƙarshe ya zuba mutane, don masu ba da aikin ba sa son ganin ɗaki wayam. Mutanen kuwa a shirye suke zuwa cikin na'urar: Turawa sirara, kowa da ƴar jakarsa, wata har da kare. Modu ya ce shi dai ba zai sa kare cikin zauren tattasai ba.

Zauren na ƙungiyarmu ne, mu manoman tattasai na bakin Komadugu, inda za a riƙa awo da ciniki a inuwa. Lokacin ba a hana hawan moto, wato babur, ba, sai ya zo garinmu ranar awo, ya tsai da kowa jikin farin bango ya ɗauke shi hoto. Ya yanke mu ɗaya ɗaya, ya jera cikin zauren, maza da buhuna, mata da goyo, takalma jibge a bakin ƙofa. Da injiniya ya gani, da kansa ya ce a faɗaɗa ƙofar, don buhu biyu ba za su iya gifta juna ba. Abin da Modu ke nema ke nan, amma bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba.

Ni kuma abin da na gani daban. Na ga Kiyari, maƙwabcina na gona, a sahun gaba kusa da sikeli, ni kuwa can ƙurya, rabin kaina a bayan ginshiƙi. A shekarar ba ma magana da Kiyari, a kan wa zai fara jan ruwa daga mashigar da muke tarayya. Sau uku ina zuwa Diffa saboda wannan babbar magana ta hoto.

Modu ya ce, “Yaya, gaban ya cika. In na matso da kai, sai ka rufe mutum.”

Na ce, “To dama me na zo yi?”

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ja ni da babbar rigata daga ƙurya, ya ɗora a kan Kiyari. Ya ce, “Ban goge shi ba, yana nan ƙarƙashinka. Ran da kuka shirya, ku zo tare, in ɗaga ka.” Ya buga mini babban kwafi, na kawo gida ina taku ɗai-ɗai.

Ba a gina zauren ba. Kun san abin da ya taso mana daga bakin kogi. Garinmu ya watse, wasu sansanin gudun hijira na Assaga, wasu na Sayam, wasu har yau ba a ji ɗuriyarsu ba. Ni na fito da matata da buta da hoton nan a nannaɗe, ku dubi hankali. Kiyari ya rasu a Assaga cikin bukkar leda, ba mu shirya ba. Bayan ƴan shekaru Modu ya kwanta, kwana tara, shi ma ya tafi.

Yanzu sai in ga masu aikin Modu na zamani ba sa zuwa garin kowa. Mutum ya rubuta wa salula abin da yake so, kafin shayi ya huce ta cika ɗaki da jama'a, da rawuna da mayafai, baƙaƙe kamar mu. Na sa an nuna mini, na duba fuska fuska, ban ga ɗan kowa ba. Wani ma yatsunsa shida. Ina ta tunanin abin da Modu zai ce. Wataƙila ya yaba saurin, don ba mai ƙin sabon abu ba ne. Amma na san zai tambaya ina suka ajiye takalmansu, kuma ta wace ƙofa buhu zai shiga.

Abin da ya hana ni zama a bana shi ne zuwan Falmata, matar Kiyari. Ta ji labarin hoton yana rataye a zaurena, mutane suna zuwa su nuna nasu da yatsa. Da cikin ƴarta Bintu aka gudo, yanzu ta yi wayo, kullum tana tambaya da wa take kama. Katin shaidar Kiyari can aka baro shi. Duk duniya, wannan hoton kaɗai aka taɓa ɗaukar sa da zai iya saura.

Na ce ta ba ni mako guda. Na karɓo odinatar ɗin Modu wajen iyalinsa, na kai wa mai gyara a kasuwa, ya ce cikinta ya mutu. Na aika da ita Damagaram, ta dawo da amsa iri ɗaya da ƙarin tsatsa. Biron su Modu ya tashi. Wani ya ce salula za ta iya cire ni ta cike gurbin. Aka gwada, ta fito da wani kyakkyawan mutum mai saje. Kiyari bai taɓa yin saje ba, kyau kuwa kada mu yi wa mamaci ƙarya.

To me ya rage na Modu? Gini babu. Na'ura ta mutu. Sai takarda ɗaya da ta fara koɗewa, inda garinmu yake tsaye wuri ɗaya, kowa da ransa, ana jiran awo. Ya sa kowa a ciki, bai bar gurgu ba, bai bar tsohuwa ba. Mutum ɗaya aka rasa, kuma ba Modu ya rasa shi ba.

Shekaranjiya Falmata ta dawo da yarinyar. Na sauko da hoton, na shimfiɗa a tabarma. Ta daɗe tana bi da yatsa, tana kiran sunaye, har ta iso kaina, ni da rigata mai aska takwas na cika wuri. Ta tsaya. Bintu tana kallon uwarta.

Ni kuma ban iya riƙe bakina ba. Na nuna saman kafaɗata na ce, “Ai ba duka na rufe ba, Falmata. Kin ga hularsa nan ta leƙo. Hula ce mai kyau, ɗinkin hannu.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Baba Abari, hula na aura?”