Na je wa maƙwabcina ta'aziyya a Japan

Ina tsaye bakin ƙofarsa, har na tuɓe takalmi, shi kuwa tsohon yana leƙena, bai ko zare sarƙar ƙofar ba.

Maƙwabcina ne a nan Japan inda nake karatu. Wata tara bango ɗaya ya raba mu, ko sunansa ban sani ba. Jiya na ji matarsa ta rasu. Mu a Faskari, ko gaba kake da mutum, in aka yi masa rasuwa hula za ka sa ka je ka zauna.

Ya rubuta wani abu a waya, ta fassara, ya nuno mini: "Ka yi haƙuri, kukana ne ya dame ka? Zan rage."

Na rubuta masa, "A'a Baba, gaisuwa na zo yi maka."

Ya sunkuya har sau uku, ya rufe ƙofa a hankali.

Ɗazu Inna ta kira daga Ruwan Godiya, tana tambayata, "Ya maƙwabta? Kana dai shiga mutane ko?" Na ce mata suna lafiya.

Wallahi na gaji. Ku da ke waje, ta wace ƙofa kuke shiga mutanen nan?